Murya Suke Nema a Bungudu

Jama'a, da ku da kuka daɗe kuna bibiyata da ku da yau kuka fara leƙowa, salama a gare ku. Ni ce dai Alheri ta Tudun Wadan Gusau, kuma yau ba da fara'a na zo ba, wanda ya zo neman dariya ya yi haƙuri da ni. Da yawanku kun turo kuna tambaya ko an sa rana tsakanina da Fasto Istifanus, har wata ta ce in ajiye mata anko. Ku bari in ba ku labarin zuwana Bungudu, sai ku ba kanku amsa.

Dole in fara da gidanmu, in ba haka ba abin ba zai shige ku ba. Mahaifiyata, Mama Rebecca, ita ce shugabar Zumuntar Mata a majami'armu, kuma duk inda mata masu bi suke taruwa a jihar nan an san muryarta. In ta ɗaga waƙa, ko maƙwabtanmu Musulmi sukan rage rediyo su saurara. Ƙanwata Rahila ta gado ta tsaf, har wasu na cewa ta fi ta zaƙi. Ni kuwa, ranar da ake rabon murya ban san inda aka aike ni ba. Ina yarinya an sa ni cikin mawaƙa saboda darajar Mama. Malaminmu ya fara mayar da ni layin baya, daga nan ya ce in riƙa motsa baki kawai, daga ƙarshe ya ce in riƙa kawo musu ruwan sha. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu nakan yi, amma a lokacin a banɗaki nake zuwa in yi kukana.

Abin da na iya shi ne jinya. In an kwantar da wata 'yar ikilisiya a asibiti ba ta da mai zama da ita, ni ake bugo wa waya. Na iya juya mara lafiya bai ji zafi ba, na iya ba tsohuwa kunu a cokali ba ta ƙware ba, na iya zama kusa da mai kuka ban dame shi da ba da haƙuri ba. Sai dai wannan aikin ba shi da anko, ba a sanar da shi ranar Lahadi, ba wanda yake tafa masa. In baƙi suka zo gidanmu, Mama takan nuna Rahila ta ce ga mai waƙar, sannan ta nuna ni ta ce ga yayarta. Sunana ke nan a gidan ubana, yayarta.

A asibitin ma muka haɗu da Istifanus. Ina jinyar wata tsohuwar majami'armu, gadon da ke kusa da namu kuma mahaifiyarsa ce, shi kaɗai yake tare da ita, namiji a ɗakin mata, ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Na tura shi waje, na yi mata wanka, na canza mata zani, na yi mata kalaba biyu don kanta ya sha iska. Ranar da aka sallame su ya karɓi lambata yana ta in-ina. Daga nan saƙonni suka fara, na safe daban, na yamma daban. Shi ne faston wata 'yar ƙaramar ikilisiya a Bungudu, wadda mutanenta suke ta raguwa saboda masu gonakin nesa sun tattara sun koma gari. Maganar da ya fi so, a wa'azi da a waya, ita ce kowa da abin da Ubangiji ya ba shi, babu wanda aka halitta hannu wofi. Ku da aka saba yabonku ba za ku gane ba, amma ni wannan maganar ce ta kayar da ni.

To a wurinmu, fasto ba ya auren mace shi kaɗai. Kafin dattawa su sa rana, sai an kai yarinyar ta gaida Zumuntar Matan ikilisiyarsa, don ranar da aka ɗaura auren ita ce ta zama Mamansu, ko da jikarsu ce a shekaru. Ita za ta zauna a gaba, ita za ta ja su a taro, ita za ta ɗaga waƙa su amsa. Na san da haka, kuma ban ɓoye masa komai ba. Tun farko na rubuta masa cewa ni fa ko waƙar yara ban iya ba. Ya amsa da cewa in kwantar da hankalina, in bar masa wannan. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ban sake tambaya ba.

Ranar Alhamis ɗin da za ni, tun da asuba Mama ta fito da atamfarta ta ƙasan akwati, shuɗiya mai ganyen ruwan ɗorawa, wadda ko Rahila ba ta taɓa bari ta taɓa ba. Tela ya riga ya rage mini rigar. Rahila ta ɗaura mini ɗankwali, ta kwance, ta sake ɗaurawa, ta shafa mini hoda tana tsokanata wai daga yau sai ta durƙusa in za ta gaishe ni. Ina saka takalmi Mama ta ce Rahila ta shirya ta raka ni. Na ce a'a. Ta sake faɗa, na sake cewa a'a, ni aka ce ana son gani, ba mu biyu ba. Mama ta kalle ni wani irin kallo, ta ce to, Allah ya kiyaye hanya, in tabbatar na baro Bungudu da sauran rana. Ban gane kallon ba sai daga baya.

Motar haya na shiga daga tasha, an matse ni tsakanin wata mai kwandon tattasai da wani dattijo mai carbi, ina ta tattare atamfar Mama kar ta ɓaci. Damina ta yi kyau bana, gero ya rufe gefen titi ya yi kore shar, amma ni hankalina ba ya wajen. Istifanus yana jirana a bakin titi da babur ɗinsa, cikin farin yadi da ya sha guga. Ya ce na yi kyau, ya ce mata tun jiya suke shara da girki. Na lura bai haɗa ido da ni sosai ba, na ɗauka kunya ce.

Tun kafin mu isa na ji kiɗa. Matan sun fito ƙofar majami'a cikin ankon Zumunta, zanin ya koɗe a jikin yawancinsu amma wankakke ne fes, ga tulu biyu ana bugawa, ga caki, ga kuge. Ba su da yawa, kuma akasarinsu tsofaffi ne. Ina sauka suka yi kaina da guɗa, wannan ta riƙe hannuna, waccan ta karɓi jakata, kowa na cewa sannu da zuwa Mamanmu. Ni Alheri, wai Mamansu. Ƙwalla ta cika mini ido, na ce a raina ashe haka ake ji in ana murna da mutum.

Shugabarsu, Mama Hanatu, doguwar tsohuwa ce 'yar asalin Kekun Waje, hannunta duk kanta irin na noma. Ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba. Sai ta ce, da harshenta na Zamfara, tun ranar da suka ji ni a babban taron mata na Tsafe ba ta manta muryata ba, ranar har kuka ta yi, ba ta taɓa zaton Ubangiji zai kawo musu ni har gida ba.

Jama'a, ni ban taɓa zuwa taron Tsafe ba. Rahila ce ta je da Mama, ita ta yi waƙar da aka yi ta yaɗawa a waya. Na juya ina neman Istifanus. Yana can ya duƙa wajen babur yana gyara abin da bai lalace ba.

Na buɗe baki zan yi bayani, masu tulu suka ƙara wuta, aka ja ni ciki. Aka zaunar da ni a kujerar gaba mai farin ƙyalle. Bayan addu'a Mama Hanatu ta miƙe ta yi jawabi, kuma jawabin nan har yau yana kunnena. Ta ce tun da matar tsohon fasto ta tafi ba su da mai ɗaga musu waƙa. Ta ce a taron Tsafe da aka kira sunan Bungudu, sun fito sun tsaya suna kallon juna, sai matan wata ikilisiya ne suka ji tausayinsu suka ɗaga musu. Ta ce matasan matansu sun daina zuwa Zumunta saboda ba armashi. Ta ce sun yi azumi sun roƙi Ubangiji ya ba su murya, sai ga Baba Fasto ya ce zai auri ɗiyar Mama Rebecca. Mata suka amsa da amin, wata tsohuwa tana share ido da bakin zani. Sannan aka ce ni, sabuwar Mamansu, in tashi in ɗaga musu waƙar nan ta Tsafe.

Na san abin da za ku ce, me ya hana ki faɗi gaskiya a nan take? Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Fuskokinsu ne. Ban taɓa ganin mutane suna kallona da irin wannan begen ba, sai wata wauta ta ce mini gwada, waƙar nan kullum ana yin ta a gidanku, wa ya sani ko yau Allah zai taimake ki. Na miƙe, na fara.

Layin farko ya fito a sama, na biyu ya faɗo ƙasa. Mai babban tulu ta yi ƙoƙarin bina, ta rasa inda na nufa, ta sake gwadawa, sai ta ɗora tafin hannunta a bakin tulun ta yi shiru. Caki ya tsaya. Waɗanda suka buɗe baki za su amsa suka rufe. Na ci gaba ni kaɗai har na kai tsakiya, muryata na rawa kamar ta akuyar da ruwa ya doka, daga nan ni ma na tsaya. A cikin shirun nan wata ta yi magana daga baya, a hankali ta yi amma kowa ya ji.

"Wagga ba ita ba ce."

Na ce musu gaskiya ne, ni ce babbar, sunana Alheri, wadda suka ji a Tsafe ƙanwata ce Rahila, ni ban iya waƙa ba kuma ban taɓa iyawa ba. Babu wadda ta zage ni, da ma zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Mama Hanatu ta ce ba komai, ta ɗaga wata tsohuwar waƙa da muryarta da ta dishe, suka amsa sama-sama, aka rufe da addu'a. An kawo shinkafa da kajin da suka yanka domina, kowa na ci kansa a ƙasa. Ni ko taɓawa ban yi ba.

Bayan an watse Mama Hanatu ta ce tunda na zo, in leƙa in gaida yayarta Inna Kulu, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bara, gidan yana bayan majami'a. Tun daga ƙofar ɗakin hancina ya gaya mini halin da ake ciki. Tsohuwar tana kwance a gefe ɗaya a kan tabarma da 'yar katifa, kuma da na ɗaga zanin na ga ƙugunta ya fara ciwo. Ba sakaci ba ne, Mama Hanatu ita kaɗai ce, ga gona ga jikoki. Ban san lokacin da na cire ɗankwali na tattare atamfar Mama na soke a ƙugu ba. Na ce a ɗora ruwa. Na wanke ta, na busar da wurin, na juya ta a hankali na tokare bayanta da tsofaffin zannuwa, na nuna wa Mama Hanatu yadda za ta riƙa juya ta ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba. Na taje mata kai. Inna Kulu ba ta iya magana, amma da hannunta mai lafiya ta kama wuyan hannuna ta ƙi saki. A nan ne kawai, duk ranar, na ji ni mutum ce.

Mama Hanatu tana tsaye tana kallo, idonta ya yi ja. Da ta rako ni ƙofa ta dafa kafaɗata, kuma na lura ta daina ce mini Mama.

"Ɗiyata, Ubangiji ya saka miki, kina da hannu mai albarka. Amma wanga aiki ai na kowa ne. Mu murya muke biɗa."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Na ce na gode, Mama, na wuce.

A bakin titi muna jiran mota na tambayi Istifanus ko ya san Rahila suke tsammani. Ya daɗe yana wasa da makullin babur kafin ya ce ya sani. Ya ce da farko dattawa sun so ya auri wata 'yar cikinsu, da ya ce musu yana neman ɗiyar Mama Rebecca sai fuskokinsu suka washe, shi kuma bai ƙara komai a kai ba. Ya ce ya yi tunanin in suka gan ni za su so ni. Ya ce ai bai yi ƙarya ba. Na ce haka ne, Fasto, ba ka yi ƙarya ba. Mota ta tsaya na shiga, ban juyo ba.

Kafin in iso Gusau labari ya riga ni. Mama tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ko sannu da zuwa ba ta ce ba. Ta ce abin da ta hango ke nan da ta ce Rahila ta bi ni, da tana gefena da ta ɗaga waƙar ni kuma in motsa baki, a tashi lafiya, amma taurin kai ya hana ni. Ashe ita ma ta sani. Ta ce na zubar mata da mutunci a gaban matan ƙauye, ta ce in duba yadda na ɓata mata atamfa da ruwan wanka. Rahila ta biyo ni ɗaki tana kuka tana ba ni haƙuri, ita da ba ta yi mini komai ba. Na ce ta share hawayenta, muryarta ba laifi ba ce. Amma ba zan ɓoye muku ba, ranar ko kallonta ban so yi ba, kuma na ji kunyar kaina saboda haka.

Kwanakin da suka biyo baya saƙonninsa suka gajarce. Kin tashi lafiya, lafiya lau. Ya su Mama, suna lafiya. Ina ganin alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ƙarshe sai ya turo hoton hannu biyu na addu'a. Mama kuwa kullum tana ɗaki da waya a kunne, in na shiga ta rage murya. Ranar Asabar da safe saƙo ya shigo: "Albishirinki. An samu mafita, ina nan tafe."

Da rana ya iso, da kankana a leda, fuskarsa kamar wanda aka sauke wa kaya. Aka shimfiɗa mana tabarma a baranda, Mama ta bar labulen falo a ɗage don kar komai ya wuce ta. Ya ce dattawa sun zauna, an yi ta ja-in-ja, wasu sun ce matar fasto da ba ta da baiwa nauyi ce ga ikilisiya. Amma a ƙarshe an daidaita. Bayan biki Rahila za ta riƙa zuwa Bungudu duk Alhamis tana ɗaga wa Zumunta waƙa, har da manyan taruka, ni kuma in zauna a kujerar gaba. Mama ta amince, Rahila ma an gaya mata. Ya ce yanzu saura sa rana kawai. Yana magana yana murmushi, yana jiran in yi murna.

Na dube shi. Ina son mutumin nan, jama'a, har yanzu da nake rubuta muku ina son sa. Shi ya sa na ba shi dama ɗaya, ina roƙon Allah a raina ya amsa daidai.

"Fasto, da suka ce ba ni da baiwa, kai me ka ce musu?"

Ya ɗan yi dariya, ya sosa ƙeya.

"Na ce musu za ki koya."

Na jira ko akwai saura. Babu. A gaban dattawa, a wurin da kalma ɗaya daga bakinsa za ta tsaya mini, bai ce ga abin da Ubangiji ya ba ta ba. Cewa ya yi a yi haƙuri da ni, za a gyara ni. Ashe duk mafitar da aka yi ta nema, ta yadda za a ɓoye ni ce. Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa.

Mama ta ɗaga labule ta fito da fara'arta, waya a hannu, ta ce dattawanmu suna jira, wane wata za ta ce musu, kafin Kirsimeti ko bayansa? Istifanus ya ce duk wanda Alheri ta zaɓa. Su biyun suka zuba mini ido.

"Mama, ki ce musu kar a sa rana."

Mama ta ce me na ce. Na maimaita, ban ɗaga murya ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Ta kira sunana cikakke, irin kiran da take yi in za ta yi duka. Istifanus ya ce in yi tunani, ya ce ya sha wahala kafin dattawa su yarda da ni. Na ce na sani, Fasto, amma ba da ni suka yarda ba.

Daga baya ya miƙe, ya yi wa Mama sallama, ya tura babur ɗinsa har waje kafin ya tayar. Ban raka shi ba. Tun daga ranar Mama ba ta yi mini magana, abinci ma Rahila take ba ta miƙo mini. Wayata tana nan kusa da ni, na duba ta har idona ya gaji, kuma har yanzu bai turo komai ba.